Sencha, hojicha, genmaicha ko matcha: wane shayin Japan ya kamata ka fara saya?

Duk wanda ya leƙa kantin da ake sayar da ganyen shayin Japan, ko ya buɗe shafin sayayya a intanet, sunaye biyar zai riƙa cin karo da su: sencha, gyokuro, matcha, hojicha da genmaicha. Dukkansu daga itacen shayi ɗaya aka tsinko su, dangin wanda ake nomawa a tsaunin Mambilla, amma farashinsu ya sha bamban, haka ma yadda ake haɗa su. Abin da mai saye ya saba yi shi ne ya duba wanda ya fi tsada, ya ce ai shi ne mai kyau. A harkar shayin Japan wannan lissafin kai mutum yake yi ya baro, domin ganyen da ya fi tsada shi ne ya fi saurin lalacewa a hannun wanda bai san shi ba. Shawarata ita ce, wanda ya taso da shayi mai zafi, mai kauri, wanda ya daɗe yana tafasa a kan garwashi, ya fara da hojicha ko genmaicha, daga nan ya wuce sencha. Matcha da gyokuro su ɗan jira.

Tushen maganar yana cikin yadda ake sarrafa ganyen. Koren ganyen da ake dafa attaya da shi a Agadas da Damagaram da Kano daga ƙasar Sin yake zuwa, mafi yawa daga lardin Zhejiang. A can wuta ake ba ganyen a busasshen kasko, a murza shi ya dunƙule ƙanana-ƙanana. Irin wannan ganye yana da juriya. A tafasa shi sau uku, a zuba sukari da na'a-na'a, ba abin da zai same shi. Japanawa kuwa turara nasu suke yi. Da an tsinko shi sai a ba shi tururi na 'yan daƙiƙoƙi, a murza, a busar. Tururin ne ke riƙe korensa da ƙamshin ɗanyen ganye, amma shi ne kuma ke sa ganyen ya yi laushi, ya riƙa sakin duk abin da ke cikinsa da sauri.

Abubuwa biyu ne ke takara a cikin kofin. Akwai sinadarin tiyanin, wanda ke ba shayi ɗan zaƙi da daɗin da ke zama a harshe. Shi ko a ruwan sanyi fitowa yake yi. Akwai kuma katekin, mai kawo ɗaci da bauri, wanda ba ya fitowa sosai sai ruwa ya haura digiri 80. Ke nan zafin ruwa shi ne linzamin. Wanda ya kwarara tafasasshen ruwa a kan sencha mai kyau, ya bar shi minti biyar, ɗaci zalla zai sha, sannan ya ce shayin Japan ba daɗi. Ba laifin ganyen ba ne. Don haka tambayar da ta fi muhimmanci kafin a cire kuɗi ita ce, wane ganye ne zai jure yadda nake haɗa shayi a gidana?

Hojicha ne ya fi kowa amsa wannan tambayar. Koren shayi ne da aka sake soya shi a wuta mai ƙarfi, wajen digiri 200, har ya koma ruwan ƙasa. A birnin Kyoto aka fara yin sa a shekarun 1920, kuma yawanci da ganyen girbin baya ake yi, wanda ake kira bancha, ko da ƙananan kara da sandunan ganyen. A yankin Kanazawa ma da karan kaɗai suke soya nasu, kuma ana ji da shi a duk ƙasar. Suyar tana kashe baurin kusan gaba ɗaya, ta bar gardi da ƙamshi mai cika ɗaki. Haɗinsa ba wuya: babban cokali ɗaya, wato kamar giram 3, ga kofi guda, a zuba ruwa yana tafasa, a jira rabin minti, a tsiyaye. Idan waya ta ɗauke maka hankali ya kai minti biyu, zai yi duhu ne kawai, ba zai hana shuwa ba. Ana iya zuba shi a fulas da safe a sha da rana. Sencha ba ya yarda da haka, domin a fulas launinsa dushewa yake yi, ɗanɗanonsa ya juya.

Abin da hojicha ya rasa shi ne zurfi. Kurɓar farko da ta ƙarshe kusan ɗaya suke, kuma zubi na biyu yakan yi salam. Wanda ke neman shayin da zai zauna ya yi ta sauraron yadda ɗanɗano ke sauyawa a bakinsa ba a nan zai samu ba. Amma ga shayin bayan cin abinci, ko na zaman hira da dare, ban san wanda ya kai shi ba a cikin biyar ɗin nan.

Genmaicha haɗi ne, ganyen bancha ko sencha da soyayyiyar shinkafa, yawanci rabi da rabi. Wasu ƙwayoyin shinkafar sukan fashe a wajen suya su zama farin gugguru, kuma idan ka gan su a cikin ganyen kada ka ɗauka datti ne. Tarihinsa na talaka ne, domin shinkafar tana ƙara auki ne ga ganye mai tsada, amma yau kowa sha yake yi. Daɗinsa a haɗin yake. Shinkafar ta kawo gardi, ganyen ya kawo ɗan ɗanye-ɗanye da ɗan bauri mai wanke baki, kowanne ya rufe gazawar ɗan'uwansa. Shi ma ruwa mai zafi sosai yake so, domin zafin ne ke tayar da ƙamshin shinkafar, kuma rabin minti zuwa minti ɗaya ya ishe shi. Idan aka bar shi ya daɗe, ɗacin ganyen zai danne gardin.

Tsakanin waɗannan biyun fa, wanne? Hojicha ya fi kusa da baƙin shayin da muka saba da shi wajen launi da nauyi a baki. Genmaicha kuwa shi ne gadar da ke kai mutum ga ainihin koren shayin Japan, domin a cikinsa harshe ke fara sabawa da ɗanɗanon ganyen da aka turara ba tare da ya razana ba. Wanda nufinsa shi ne ya samu shayin yau da kullum ya tsaya a nan, ya ɗauki hojicha. Wanda yake da niyyar ci gaba, genmaicha ya fi masa amfani. Akwai wani nau'in genmaicha da ake barbaɗa wa garin matcha, ruwansa ya fito kore shar. Yana da kyau a ido, kuma zubin farko yana da armashi, sai dai garin duk a zubin farko yake tafiya.

Sencha shi ne shayin Japan na ainihi, wanda ya fi yawa a gonakinsu da gidajensu. Hanyar turara shi da murza shi ya zama siriri kamar allura ana danganta ta ga wani manomi, Nagatani Soen, a yankin Uji kusa da Kyoto, a shekarar 1738. Yau jihohin Shizuoka da Kagoshima ne ke kan gaba wajen noma. Shizuoka ta daɗe tana riƙe da kambin, sai a 2024 Kagoshima ta sha gabanta a karon farko. Mafi yawan gonakin ƙasar irin itace ɗaya suke shukawa, wanda ake kira Yabukita, shi ya sa sencha na kasuwa yake da kama da juna duk inda ya fito.

A nan akwai zaɓi na biyu da mai saye ya kamata ya sani, domin a jikin leda ake rubuta shi. Sencha na gargajiya tururin kusan rabin minti ake ba shi. Ganyensa dogaye ne, ruwansa garau mai ɗan rawaya, ƙamshinsa mai kaifi, baurinsa a fili. Akwai kuma fukamushi, wanda ake turarawa ninki biyu ko uku na wannan lokacin. Dogon tururin yana farfasa ganyen, har idan ka buɗe ledar ka ga gari-gari za ka zaci an cuce ka. Ba cuta ba ce. Ruwansa kore ne mai duhu, da ɗan kauri, baurinsa kaɗan, kuma ya fi haƙuri da ruwan da ba shi da kyau sosai. Ga mai farawa fukamushi na fi so, da sharaɗin a samu rariya mai ƙananan ido, in ba haka ba garin zai cika kofin.

Haɗin sencha yana son natsuwa, amma ba ya bukatar ma'aunin zafi. Ga yadda Japanawa ke yi. A tafasa ruwa sosai, a zuba shi a cikin kofunan da za a sha da su, a bar shi ya ɗan huce. Duk juyi daga mazubi zuwa wani yana rage kusan digiri 10, ko da yake a ƙasar zafi irin tamu sai an ƙara ɗan jira. Abin da ake nema shi ne digiri 70 zuwa 80. A sa ƙaramin cokali ɗaya na ganye, kamar giram 2, ga kowane mutum a cikin buta, a juye ruwan kofunan a kai, a rufe. Minti ɗaya ga na gargajiya, rabin minti ko ɗan fiye ga fukamushi. Wajen zubawa ba a cika kofi ɗaya sannan a koma na gaba. Kaɗan-kaɗan ake zagayawa, a je a dawo, don kada wani ya samu tsararo wani ya samu mai kauri. Sannan a tsiyaye butar har ɗigon ƙarshe. Wannan ɗigon yana da muhimmanci ta fuska biyu: shi ne ya fi ɗanɗano, kuma ruwan da aka bari a buta zai ci gaba da jiƙa ganyen ya ɓata zubi na biyu. Zubi na biyun da ruwa mai ɗan ƙarin zafi ake yi, daƙiƙa goma kacal. Na uku ma yana shuwa.

Butar da suke amfani da ita, kyusu, ƙarama ce ta yumɓu mai mariƙi a gefe, kuma garin Tokoname a jihar Aichi ya yi suna wajen gina ta. Tana da daɗin aiki, amma ba sai da ita ba. Kowace ƙaramar buta da rariya sun wadatar, muddin ba a ɗora ta a wuta da ganyen a ciki ba.

Gyokuro ba zan daɗe a kansa ba, domin ba na mai farawa ba ne. Kimanin mako uku kafin girbi ake yi wa itatuwan rumfa a tare musu rana. Hasken rana ne ke mayar da tiyanin ya zama katekin, don haka ganyen inuwa yana tara daɗi ya rage ɗaci. Uji, da kuma Yame ta jihar Fukuoka, su ne gidansa. Da ruwa mai ɗumi ake haɗa shi, digiri 50 zuwa 60, ganye da yawa ruwa kaɗan, a jira minti biyu, a samu abin da bai fi kurɓa uku ba a ɗan finjali. A baki ya fi kama da romon da aka daɗe ana dafawa fiye da shayi, kuma mutane da yawa sukan yi turus a kurɓar farko. Abu ne mai daraja ƙwarai, ina kuma ganin duk mai son shayi ya cancanci ya ɗanɗana shi wata rana. Amma wanda zai zuba masa tafasasshen ruwa ya yi asarar kuɗinsa.

Matcha ne ya fi kowanne suna a duniya yanzu, kuma a kansa aka fi yaudarar masu saye. Shi ma ganyen inuwa ne, sai dai ba a murza shi. Ana turarawa, a busar, a cire jijiyoyi da kara, sannan a niƙa a dutse. Dutsen niƙa guda giram 30 zuwa 40 kawai yake fitarwa a awa ɗaya, kuma daga nan tsadar ta samo asali. Shan garin shayi ya shigo Japan ne daga Sin, ana kuma danganta yaɗuwarsa ga malamin addinin Buda mai suna Eisai, wanda ya komo gida a 1191. Daga baya Sen no Rikyu, wanda ya rasu a 1591, ya tsara ladubban zaman shan sa da ake bi har yau. Bambancinsa da sauran shi ne ba jiƙa ganye ake yi a zubar ba, ganyen kansa ake sha. Giram 2 a kwano, a tankaɗe shi don kada ya yi gudaji, a zuba ruwan digiri 80 kamar mililita 70, a burga da maburgin gora har ya yi kumfa, a sha nan take kafin garin ya kwanta.

Matsalar matcha a wurinmu uku ce, kuma kowace tana da nauyi. Na farko, gari ne, ba ya jure zafi da iska. Da an buɗe gwangwanin, cikin 'yan makonni korensa zai fara komawa rawaya-rawaya, ƙamshin ya tafi, a bar ka da ɗaci. A inda wutar lantarki ba ta tsayawa balle firji ya yi sanyi, wannan babbar magana ce. Na biyu, kasuwarsa ta rikice. Daga 2024 bukatar duniya ta fi ƙarfin abin da ake niƙawa, har tsofaffin gidajen shayi na yankin Kyoto irin su Ippodo da Marukyu Koyamaen suka taƙaita yawan abin da mutum ɗaya zai saya. Idan na Kyoto ya yi wuya a Kyoto, to babbar leda mai arha da aka rubuta wa matcha a wata kasuwa mai nisa abin a tsaya a duba ne. Rubutun da ake yi a jikin gwangwani cewa wannan na zaman biki ne, wancan na girki ne, ba wata hukuma ce ke tantance shi ba, kowane kamfani shi ke sa wa kayansa. Na uku, da yawa daga abin da ake sayarwa haɗin sukari ne da garin madara da ɗan matcha kaɗan. A karanta jerin kayan haɗin. Idan sukari ne a farko, shi ne ya fi yawa. Wanda burinsa ya sha da madara da ƙanƙara, matsakaicin matcha ya ishe shi, kada ya kashe kuɗi a kan na ƙoli, domin madara za ta rufe duk abin da ya biya kuɗin dominsa.

Maganar hana barci ma tana cikin zaɓi. A teburin sinadaran abinci na gwamnatin Japan, mililita 100 na gyokuro yana da kafeyin miligiram 160, sencha 20, hojicha 20, genmaicha 10. Kwano ɗaya na matcha mai giram 2 ya haura miligiram 60 kaɗan. Ana yawan tallata hojicha a matsayin shayin da ba ya hana barci, amma waɗannan alƙaluman sun nuna bai yi nisa da sencha ba, sai dai wanda aka yi da kara zalla yakan fi sauƙi. Genmaicha ne mai sauƙin gaske, tunda rabinsa shinkafa ce. Wanda ba ya son kafeyin ko kaɗan, ko zai ba yara, akwai mugicha, soyayyen sha'ir da Japanawa ke jiƙawa su sha da sanyi a lokacin zafi. Babu ganyen shayi a cikinsa sam. Mai fama da ƙarancin jini kuma ya raba shayi da lokacin cin abinci, ko wane iri ne, domin yana rage ƙarfen da jiki ke tsotsa daga hatsi da ganyaye.

Sai tambayar da kowane Bahaushe zai yi: ina sukari, ina madara? Japanawa ba sa zuba su a sencha ko gyokuro ko genmaicha. Zaƙin a gefe yake zuwa. A zaman matcha kafin a miƙa maka kwano sai an ba ka ɗan abin zaƙi, sau da yawa na jan wake da sukari, ka cinye, sannan ka sha, ɗacin ya tarar da zaƙin a harshe su daidaita. Wannan tsarin ya dace da mu ƙwarai, domin muna da dabino. Ƙwaya ɗaya ko biyu kafin matcha ko sencha ta yi duk aikin da ake bukata. Alkaki da nakiya ma suna yi, sai dai a ɗan gutsura. Wanda kuwa shayi ba ya shiga masa sai da madara, hojicha ne nasa. A haɗa shi da kauri, a zuba madara da ɗan sukari, gardinsa ba ya ɓacewa, kuma a Japan ɗin ma haka ake sayar da shi a shagunan shayi na zamani.

Wajen abinci, ƙa'idar ita ce maiƙo da yaji suna son soyayyen shayi. A Japan hojicha ake kawowa bayan abinci mai nauyi, kuma bayan tsire ko balangu ko kilishi haka yake wanke baki tas. Sencha a gaban yaji ɓacewa yake yi, ɗan ƙamshinsa ba zai iya da barkono da citta ba. Wurinsa shi ne kusa da kifi, da farar shinkafa, da abinci marar hayaniya. Japanawa har kwarara shi suke yi a kan dafaffiyar shinkafa da ɗan gasasshen kifi su ci, abincin da suke kira ochazuke. Genmaicha da masa kuwa jini ɗaya ne, shinkafa ta haɗu da shinkafa, kuma yana tafiya da ƙosai da ƙuli-ƙuli da soyayyiyar gyaɗa. Gyokuro shi kaɗai ake shan sa. A watan azumi na fi karkata ga hojicha ko genmaicha bayan an sha ruwa an ɗan ci wani abu, domin sencha mai kauri da matcha sukan dami cikin da ba komai.

Akwai wata hanya da ke sauƙaƙa sencha ga mutanen ƙasar zafi, har takan sa in sassauta shawarar da na bayar ta a jinkirta shi. Ita ce jiƙon sanyi. Giram 10 na ganye a lita ɗaya ta ruwan sanyi, a rufe a sa a firji ko a cikin kula mai ƙanƙara awa uku zuwa shida, a tace. Tunda ba zafi, ɗaci da bauri ba sa fitowa sosai, kafeyin ma yana raguwa, sai zaƙin ganyen da korensa. Ba auna zafi, ba ƙirga daƙiƙa. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da rana ke dukan ƙasa, wannan ya fi lemon kwalba kashe ƙishi. A shanye shi a ranar, kada ya kwana biyu.

Ruwan da za a yi amfani da shi ma abin lura ne. Ruwan Japan mai laushi ne, ba shi da gishirin ƙasa da yawa, kuma a kansa aka gina ɗanɗanon waɗannan ganyaye. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai zartsi yana dusashe launin sencha ya kashe ƙamshinsa. Idan butarka tana yin farin ɓawo a gindinta ta ciki bayan an daɗe ana tafasa ruwa, alama ce ruwanka mai nauyi ne. Hojicha da genmaicha ba su cika damuwa da wannan ba, wanda ƙarin dalili ne na fara da su. Ga sencha da matcha, a nemi ruwan roba marar nauyi. Ruwan famfo mai warin sinadari kuma a bar shi ya tafasa na 'yan mintuna da murfi a buɗe.

Idan ka zo saye, ɗauki ƙaramar leda, giram 50 ko 100, ko da babbar ta fi arha. Ka tabbata ledar mai rufin ƙarfe ce wadda haske ba ya ratsawa, a liƙe take ba iska, kuma akwai sunan yankin da aka noma ganyen da ranar ƙarewar wa'adinsa. Ganyen da aka zuba a kwalbar gilashi a kan kantar shago yana shan haske, wuce shi. Sabon girbi, wanda suke kira shincha, daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu yake fitowa, don haka sencha da aka saya a tsakiyar shekara yakan fi sabunta. Bayan an buɗe, a matse iskar, a ɗaure bakin, a sa a gwangwani mai murfi nesa da murhu, nesa da daddawa da kayan yaji da turaren wuta, domin ganyen shayi yana zuƙar duk warin da ke kusa da shi. A yi ƙoƙarin gamawa da sencha cikin wata ɗaya, musamman da damina lokacin da laima ke shiga ko'ina. Ledar da ba a buɗe ba tana iya zama a firji, amma idan an fito da ita a bari ta huce ta daidaita da zafin ɗaki kafin a yanka bakinta, in ba haka ba raɓa za ta sauka a kan ganyen.